Dokta Andrew Stirrett, Bature Mai Magani: Yadda Bishara Ta Bi Hanyar Fatake

A darasinmu na tarihin ikkilisiya na wannan karo za mu duba rayuwar wani bawan Allah wanda yawancinmu muke cin amfanin wahalarsa, ko da yake ba mu san sunansa ba. Shi ne Andrew Park Stirrett, mutumin Kanada, wanda Hausawa suka laƙaba wa suna Bature Mai Magani. Ya sauka ƙasar nan a 1902, ya rasu a Jos a 1948. Duk ranar Lahadin da muka buɗe Littafi Mai Tsarki na Hausa, ko muka ta da waƙar sujada da Hausa, akwai guminsa a ciki.

Mun zaɓe shi ne saboda wata tambaya da take damun shugabannin ikkilisiya a yau, musamman 'yan'uwanmu na Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi. Idan hanya ta yi haɗari, fasto ba ya iya kai ziyara ƙauye, masu bi kuma sun warwatse, ta yaya koyarwa za ta isa wurin mutane? Ta yaya aikin zai ci gaba da girma? Stirrett ya yi mafi yawan shekarunsa yana duban ƙofar da aka rufe masa. Abin da ya yi a bakin wannan ƙofa shi ne darasinmu.

Mai kantin magani a Toronto

An haife shi a 1865 a lardin Ontario. Ya koyi aikin haɗa magunguna, ya buɗe kantunan magani a birnin Toronto, kasuwa ta karɓe shi, ya tara abin hannu. Yana cikin haka ya shiga karatun likita. Da ya zauna gida, da ya tsufa cikin rufin asiri da girmamawa.

A wannan birni akwai wata 'yar ƙungiyar mishan da ta riga ta sha kaye sau biyu. A watan Disamba na 1893 samari uku, Walter Gowans da Thomas Kent da Rowland Bingham, suka sauka Legas da niyyar kai bishara yankin da Turawan lokacin suke kira Sudan, wato faɗin ƙasar da ke kudu da Sahara, har da ƙasar Hausa. A 1894 Kent ya mutu a Bida, Gowans ya mutu a Girku. Bingham ya koma gida. Ya sake gwadawa a 1900, zazzaɓi ya sake kayar da shi. Sai a 1902 aka samu kafa tasha ta farko a Patigi, ƙasar Nufe, bakin Kogin Kwara. Wannan ƙungiya ce daga baya aka sani da SIM.

Bingham ba shi da kuɗi, ba shi da wata babbar ɗarika a bayansa. Abin da yake da shi, alƙalami ne da abokan addu'a. Ya rubuta wani ɗan littafi a kan nawayar ƙasar Sudan, aka riƙa miƙa shi hannu zuwa hannu, har ya faɗa hannun mai kantin magani. Stirrett ya karanta, ya rasa sukuni. Yana da shekara 37, shekarun da ake ganin mutum ya wuce fara sabon harshe a ƙasar zazzaɓi, ya miƙa dukiyarsa ga aikin, ya hau jirgin ruwan dakon shanu zuwa Liverpool ta Ingila, daga can ya nufo Afirka. Kafin 1902 ta ƙare ya iso Patigi.

Mu lura, shi kansa kiran ta hannun mutane ya zo. Allah ne ya kira shi, amma wani ya rubuta, wani ya buga, wani ya miƙa. Ba mu da sunan wanda ya miƙa a littattafan da muke karantawa a majami'u, amma da ya bar littafin a ƙarƙashin matashin kansa, da labarin ya zama dabam.

Kwinin: sani dabam, yi dabam

Abin da ya fara fuskanta shi ne mutuwa. Zazzaɓin cizon sauro yana kwashe Turawa kafin su iya gaisuwa da harshen gari. Abin mamaki kuwa, an daɗe da sanin maganin. Tun a 1854 Dokta William Baikie ya shigo da jirgi ta Kwara da Binuwai, tare da Samuel Ajayi Crowther, ya sa mutanensa shan kwinin, maganin nan mai ɗaci, suka koma ba wanda zazzaɓi ya kashe. Shekara 40 ke nan kafin mutuwar Kent da Gowans. A 1897 kuma Ronald Ross ya tabbatar cewa sauro ne yake ɗauke da ƙwayar cutar.

To, me ya sa aka ci gaba da mutuwa? Domin sani yana cikin littafi, bai zama al'ada ba. Wani yakan sha sai ya ji jikinsa ya yi zafi. Wani ya manta. Wasu ma cikin masu zuwa mishan na wancan zamani sun ɗauki shan magani a matsayin ƙarancin bangaskiya, suka ƙi sha, suka mutu.

Stirrett bai ƙirƙiro kwinin ba. Abin da ya yi shi ne ya mai da shi ƙaramar doka wadda kowa zai iya riƙewa: a sha ƙayyadadden awo kowace rana, da ciwo da ba ciwo, tare da sauran ka'idodin kiyaye lafiya irin su kwana cikin gidan sauro da tafasa ruwan sha. Sabon zuwa yana koya daga wanda ya tarar. Daga baya ya rubuta littafin jagora na magani, wanda ake ajiyewa a tashoshin da ba likita, domin wanda bai yi karatun likita ba ya duba ya taimaki kansa da maƙwabtansa. Mace-mace suka ragu. Wanda ya rayu shekara goma yakan iya harshe, ya yi abokai, ya koyar da almajirai. Wanda ya mutu cikin wata shida kabari kaɗai yake bari.

Ga ka'ida ta farko ke nan. Abu mai kyau ba ya yaɗuwa don kyansa kaɗai. Sai an sassauƙa shi yadda mutum na biyu zai iya koya wa na uku ba tare da na farko yana wurin ba.

Ƙofa a rufe, hanya a buɗe

Zuciyar Stirrett tana kan Hausawa. Amma a 1903 sojojin Lugard suka ci Kano da Sakkwato, gwamnatin mulkin mallaka kuma ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba. Saboda haka aka hana 'yan mishan zama a yawancin masarautun Musulmi. Dokta Walter Miller na CMS, wanda ya zauna a birnin Zariya daga 1905, shi ne fitaccen wanda ya samu shiga. Kada mu ɓoye gaskiya: 'yan mishan sun zo a zamanin da bindigar Bature take mulki, sarakuna da malamai kuma suna da dalilinsu na yin taka-tsantsan da duk wani farar fata.

Da wani ne, da ya zauna yana rubuta wa gwamna takardun ƙorafi har tsufa. Stirrett ya lura da abin da kowa yake gani amma ba kowa ya yi tunani a kai ba: Bahaushe ba ya zama gida. Ayarin fatake yana tashi daga Kano da Katsina da Sakkwato da kanwa da tufafi da fatu, ya nufi Gwanja ya komo da goro. Kowace hanya tana da zango, kowane zango yana da mai masauki da dillali. Idan ba za a bar shi ya je garinsu ba, su za su zo su wuce ta gabansa.

A 1904 mishan ta buɗe tasha a Wushishi, kusa da Zungeru, hedkwatar Lugard ta lokacin, kan hanyar ayari. Stirrett ya riƙa bin fatake zango, yana duba marasa lafiya, yana magana da su a kan Yesu Almasihu. Suka ba shi sunan da ya bi shi har kabari. Sunan kuma ya riga shi zuwa garuruwan da ƙafarsa ba ta taka ba, gama wanda aka wanke wa gyambo a zango ba ya yin shiru idan ya isa gida.

Daga baya ya koma Jos, inda hedkwatar mishan ta zauna. Jos garin kuza ne. Ma'aikatan haƙa suna zuwa daga kowace kusurwa ta Arewa, 'yan kasuwa suna biye da su. Ƙaramin layin dogo daga Zariya ya iso tsaunin a 1914, na gabas kuma ta Kafanchan a 1927. Can ya mai da kasuwa majami'arsa. Kullum yakan je, ya tsaya a wuri mai tudu, ya buɗe babban hoto na labarin Littafi Mai Tsarki, ya yi bayani da Hausa. Waɗanda suka rubuta tarihinsa sun ƙiyasta ya yi wa'azi kusan sau 20,000.

Me ya sa kasuwa? Mutanen gida ɗaya labari ɗaya suke da shi, abin da wa ya sani ƙane ya sani. Sabon labari ta bakin matafiyi yake shigowa gari. Wanda ya tsaya sauraro yau a Jos, mako mai zuwa yana Bauci ko Funtuwa, wani kuma zai maye gurbinsa. Ƙasarmu ta daɗe da sanin wannan. Tarihin Kano ya nuna Wangarawa, malamai 'yan kasuwa daga ƙasar Mali, su suka kawo wa Sarki Yaji Musulunci a ƙarni na 14. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, Turawa auduga suke sa rai, amma manyan fataken goro suka aika yaransu ƙauyuka suna ƙarfafa manoma su shuka gyaɗa, cikin ɗan lokaci tashar Kano ta cika da buhuna. Manomi ya yarda domin ya san mai maganar.

Haka ma Manzo Bulus ya yi a Afisa. Ayyukan Manzanni 19 ya nuna mana ya zauna wuri ɗaya yana koyarwa kullum har shekara biyu, duk lardin Asiya ya ji. Ikkilisiyar Kolosi ba Bulus ne ya kafa ta da ƙafarsa ba, Abafaras ne, ɗan garin, ya kai musu.

Ji dabam, karɓa dabam

A nan dole mu faɗi abin da masu yabon jarumai sukan tsallake. Duk da yawan wa'azin nan, Hausawa Musulmi da suka fito fili suka karɓi baftisma a zamaninsa kaɗan ne ƙwarai. Dalilin yana cikin hanyar da ya bi. Zumuncin da yake ɗaukar labari shi ne kuma yake riƙe mutum a inda yake. Falke yana cin bashi da amana, yana sauka gidan mai masaukin da ubansa ya saba sauka, yana aurar da 'ya'yansa cikin dangi. Canja addini yana taɓa duk waɗannan a rana ɗaya.

Masu binciken zaman jama'a sun ga irin wannan a wani fanni. A 1943 aka buga wani bincike a kan manoman jihar Iowa ta Amurka da sabon irin masara. Yawancinsu daga bakin 'yan talla suka fara jin labarin irin, amma abin da ya sa suka shuka shi ne ganin gonar maƙwabci, kuma sun ɗauki shekaru tsakanin ji da shukawa. Baƙo yana kawo labari, na gida ne yake sa a yarda. Hausawa sun riga sun taƙaita shi: da ɗan gari akan ci gari.

Bangaskiya aikin Ruhu Mai Tsarki ne, ba irin masara ba ce. Amma Ruhun yakan bi ta bakin ɗan'uwa. Andarawas ne ya kawo Bitrus, Filibus ya kawo Nata'ala, yarinya baiwa ce ta nuna wa Na'aman inda zai sami warkarwa.

Littafi da waƙa ba su neman izinin gwamna

Stirrett ya gane cewa muryarsa tana da iyaka, saboda haka ya ba da shekaru ga abin da zai yi tafiya ba tare da shi ba. A 1932 aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa. Dokta Miller ne ya ɗauki mafi nauyin fassarar, Stirrett yana cikin waɗanda suka yi aikin tare da shi, da kuma 'yan ƙasa masu harshen, waɗanda suka riƙa gyara wa Turawa magana. Ya kuma sa hannu cikin samar da waƙoƙin sujada na Hausa.

Abin lura shi ne ƙungiyoyin mishan ba su yi kowa da nasa littafin ba. Tun taron Lokoja na 1910 suka fara zama tare suna shawara. SIM da SUM da CMS da sauransu suka yi amfani da littafi ɗaya. Saboda haka mai bi daga Kagoro zai shiga sujada a Numan ko Gindiri ya bi karatu, ya kama waƙa. Da kowace ƙungiya ta kulle abinta, da ba mu da wannan gādo.

Littafi ya jawo karatu. Wanda ya iya haɗa baƙi yakan tara yara da manya da dare ya koya musu. Waƙa kuwa ta fi littafi sauri, domin tsohuwar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba tana iya haddace ta, ta rera a bakin rijiya, jikokinta su ɗauka.

Sai girbin ya fito inda mai shuka bai fi sa ido ba. Hausar da Stirrett ya wahala a kanta domin Hausawa, ita ce ta zama harshen sujada na kabilu masu yawa a tsaunin Jos, da kudancin Zariya, da ƙasar Gbagyi, da Tangale, da Adamawa. Waɗannan mutane sun riga sun san Hausa ta kasuwa, sai ga bishara ta zo cikinta. A cikinsu, gida yana jawo gida, dangi yana jawo dangi. Daga cikinsu ne kuma Allah ya ta da masu bishara waɗanda suka ɗauki littafin nan suka nufi arewa, suka zauna cikin Maguzawa a ƙasar Kano da Katsina da Zariya suna noma suna koyarwa. Abin ya zo da tsadarsa, gama wasu harsunanmu na gado sun raunana a majami'a, shi ya sa aikin fassara zuwa harsunan uwa yake da muhimmanci har yau. Duk da haka, hanyar ta yi zagaye ta isa inda aka nufa tun farko, a hannun baƙaƙen fata.

Da ƙofar ta fara buɗewa

Stirrett ya yi tsawon rai har ya ga sassauci. SIM ta shiga Damagaram, a ƙasar Nijar, a 1924, ta samu zama a Kano a 1933. Daga 1937 hukumomin gargajiya suka ba ta kula da wuraren jinyar masu cutar kuturta: Yadakunya a Kano, Babbar Ruga a Katsina, Amanawa a Sakkwato. A 1943 aka buɗe asibitin ido na Kano. Abin da ya buɗe ƙofar shi ne abin da Stirrett ya fara riƙewa a zango, wato magani. Marasa lafiya suna zuwa daga ƙauyuka masu nisa, su zauna shekaru, wasu su koyi karatu, wasu su ba da gaskiya, su koma gida da abin da suka samu.

A daidai wannan zamani layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya ƙare a Ƙauran Namoda a 1929. Ƙaura ta zama bakin tasha inda gyaɗa da auduga suke taruwa. Daga nan hanya ɗaya ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi da Isa da Sabon Birni har iyakar Nijar, ɗaya ta bi ta Zurmi zuwa Jibiya da Katsina. SIM ta samu zama a Moriki. A garuruwan layin dogo kuma, ma'aikatan jirgi da akawuna da masu awon kaya, waɗanda da yawansu Kirista ne daga kudu da tsakiyar ƙasa, su suka fara taruwa sujada a unguwannin baƙi. Ba wanda ya aiko su a matsayin 'yan mishan. Neman abinci ya kawo su, suka zo da bangaskiyarsu cikin kayansu.

Ƙarshen tserensa

Stirrett bai yi aure ba. Ya yi zaman talaka, ya ci gaba da zuwa kasuwa har cikin tsufa. Ya rasu a Jos ranar 9 ga Yuli 1948, yana da shekara 82, bayan kusan shekara 46 cikin aikin.

A shekarar da ya rasu aka kafa ƙungiyar masu bishara 'yan ƙasa wadda muka sani yau da EMS, inda ikkilisiyoyi suke aiken 'ya'yansu da baikonsu. A 1954 ikkilisiyoyin da suka fito daga aikin SIM suka zama ECWA. A 1955 na ɓangaren SUM da abokan aikinta suka haɗu cikin tarayyar da ta zama TEKAN. A shekarun 1960 Sabon Rai Don Kowa ya bazu da ƙananan ƙungiyoyin addu'a, da koyarwar cewa kowane mai bi mashaidi ne. Zumuntar Mata kuma ta ɗauki waƙa da ziyara da taimakon juna ta kai su lungunan da fasto bai taɓa shiga ba. Mu ƙirga: daga Patigi zuwa kafuwar ECWA shekara 52 ne. An yi jinkirin miƙa ragama ga 'yan ƙasa, kuma girma mafi sauri ya zo ne bayan an miƙa.

Abin da ya shafe mu

'Yan'uwa, mun san halin da arewacin Zamfara take ciki. 'Yan bindiga sun tare hanyoyi, an sace mutane, an bar gonaki, ƙauyuka sun watse. Wannan wuta ba ta tambayar addini, kuma mafi yawan waɗanda ta ƙona maƙwabtanmu Musulmi ne. A watan Satumba na 2021, da aka rufe layukan waya aka dakatar da kasuwannin mako a jihar, kowa ya ga yadda rayuwa take rataye a kan waɗannan hanyoyi. Babbar kasuwa irin ta Shinkafi idan ta tsaya, abinci da kuɗi da labari duk sun tsaya.

Ba muna cewa wani ya je ya hau dutse a kasuwar Shinkafi ya buɗe hoto ba. Zamani ya canja, kuma Ubangiji da kansa ya umarce mu da wayo tare da tawali'u. Abin da za mu ɗauka daga Stirrett shi ne idon da ya gane hanya a lokacin da kowa yake kallon ƙofa. Ga abubuwa biyar.

Na ɗaya, mu daina kukan masu wucewa. Ikkilisiyoyinmu a wannan yanki cike suke da ɗaliban kwalejin fasaha ta tarayya da ke Ƙaura, da malaman makaranta, da ma'aikatan asibiti, da jami'an tsaro, da 'yan kasuwa. Sukan yi shekara biyu ko uku a yi musu canji. Mukan ce mun yi hasara. Waɗannan su ne fatakenmu. Tambayar ita ce, da me suke tafiya idan sun bar mu?

Na biyu, mu sassauƙa koyarwa yadda za ta ɗauku. Darasin da sai mai digiri zai iya maimaita shi, a bagade zai kwana. Gajeren darasi, da aya ɗaya ta haddacewa, da waƙa, da muryar da aka ɗauka a waya aka tura wa wanda ba ya karatu, waɗannan suna isa gidan da fasto ba zai iya zuwa ba. A Ayyukan Manzanni 8 da 11, waɗanda tsanani ya warwatsa bayan mutuwar Istifanas su suka kai Magana har Antakiya, domin abin yana cikinsu tun kafin su gudu. Iyalin da suka yi gudun hijira zuwa Gusau, suna iya yin sujadar gida ba tare da mu ba?

Na uku, mu san masu haɗa mutane. A kowace ikkilisiya akwai macen da ba a suna ko biki ko makoki a unguwa ba ta, akwai direba ko mai shago da kowa ya amince da shi. Sau da yawa ba su cikin dattawa. Idan su suka gane abu suka karɓa, ya shiga gari. Mu zauna da su, mu koya musu, mu kuma saurare su.

Na huɗu, mu riƙe abin da zai amfani maƙwabci. An san Stirrett da magani kafin a san shi da wa'azi, kuma bai tambayi mai gyambo addininsa ba. Gidan sauro, da rigakafin yara, da awon ciki, da ajin yaƙi da jahilci, da abinci ga wanda ya gudo daga ƙauye, duk alheri ne da za mu yi domin Allah ya umarta. Kada mu mai da shi tarko. Kada kuma a ji a bakinmu cewa shan magani rashin bangaskiya ne.

Na biyar, mu tuna hanyar da take ɗaukar gaskiya ita ce take ɗaukar ƙarya. Saƙo ɗaya na jita-jita a WhatsApp yana iya ta da gari kafin la'asar. Duk wanda ya tura abin da bai tabbatar ba, ya zama ɗan dakon mai ƙarya. Amana ita ce jarin falke. Ranar da aka san Kirista da yaɗa abin da ba haka ba, ranar ce aka daina jin shaidarsa.

A 2 Timoti 2:2 Bulus ya jera tsara huɗu cikin aya ɗaya: shi kansa, da Timoti, da amintattun mutane, da waɗanda su kuma za su koya wa. Fasto ko dattijon da komai sai ta hannunsa, ya yanke wannan igiya a ƙulli na farko. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Ta bakin wa bishara ta fara shiga gidanku ko ƙauyenku? Baƙo ne ko ɗan gida?
2. Idan aka yi wata uku fasto bai iya zuwa ba, su wane ne a ikkilisiyarku za su iya bi da sujada da koyarwa? Wa yake shirya su yanzu?
3. Wane alheri ne maƙwabtanku waɗanda ba Kirista ba suka san ikkilisiyarku da shi?

Addu'a

Ya Ubanmu na sama, mun gode maka domin bayinka da suka riga mu, waɗanda aka rubuta sunayensu da waɗanda ba a rubuta ba. Ka dubi Ƙauran Namoda da Shinkafi da Zurmi da ƙauyukansu, ka kawo salama, ka komo da waɗanda aka sace, ka ta'azantar da masu makoki. Ka buɗe idanunmu mu ga hanyoyin da ka bar mana, ka sa mu zama amintattun masu miƙa abin da muka karɓa. Cikin sunan Yesu Kristi Ubangijinmu. Amin.